Tanna, Magani!

"Sai ga ta ta dawo daga rijiya, tulu bisa kai, tana tahiya tana rangaji. Uwarta ta tarbe ta ta sauke tulun, wayam! Ko ɗigo babu. Ashe da ta isa rijiya tsayawa ta yi kallon tururuwa na jan ƙwayar hatsi, da ta gaji da kallo ta ɗauki tulunta ta taho gida!"

Sa'adiya ta tafa hannu ta ƙyalƙyale da dariya, tana jira a taya ta. Shekara da shekaru labarin nan bai taɓa ba ta kunya ba. A gidan suna ko gidan biki, in ta ba da shi sai mata sun riƙe ciki. Amma Madam Zara'u, majo, wato shugabar ma'aikatan gidan likita, ko murmushi ba ta yi ba.

"Shekarunta nawa lokacin, Inna?"

"Ba ta kai azumi ba dai."

"A makarantar allo fa?"

"Tab! Allo nan, ido can. Malam ya yi bulala har hannunshi ya gaji."

Tanna, wadda ake maganarta, tana zaune gefen benci tana murza bakin mayafinta, ƙafarta ɗaya na rawa kamar kullum. Taubashiyar Sa'adiya ce, ɗiyar kawunta. Gida ɗaya suka tashi, aure kuma ya kai su ƙauye ɗaya a gefen Korgom, darnin kara kaɗai ya raba gidajensu. Tsakanin taubasai kuwa ba a fushi da wasa, kowa ya san haka, kuma Sa'adiya ta ci gajiyar wannan lasisi fiye da kima. Ita ta sa duk garin, in tuwo ya ƙone ko an bar akuya a sake, sai a ce "an yi Tanna".

Abin da ya kawo su gidan likita tansiyo ne. Hawan jinin Tanna ya ƙi sauka. An ba ta magani, ta dawo jinin ya ƙara hawa, ƙunshi ɗaya ya ɓata, ɗaya an tsinto shi cikin akurkin kaji. Madam Zara'u ba ta yi faɗa ba. Ta yi mata tambayoyi masu yawa, ta sa aka duba jininta, ta lalubi wuyanta, ta tambayi barcinta, sannan ta ce ta zo da wanda ya san ta tun tana ƙarama. Shi ya sa Sa'adiya ta ɗaura sabon kallabi ta taho da buhun labaranta.

Madam ta juya wajen Tanna.

"Inna Tanna, in kin zauna shiru, kanki na yin shiru?"

"Wane shiru, Madam? Ranar kasuwa ce kullum cikin kan nan. Wanga tunani na kirana, wancan na jan zanena." Ta sunkuyar da kai. "Ko salla nike, sai in rasa raka'a ta nawa nike. In sake, in sake rasawa. Na sha yin kuka bisa tabarma. Na ce ko Allah hushi yake da ni."

Sa'adiya ta waiga ta dube ta. Ta san rubutun da aka sha ba Tanna, ta san turaren iska da aka yi mata har ta shaƙe, ta san sau nawa mijinta marigayi Iliyasu ya kusa sakinta kan ƙonannen tuwo. Wannan kukan na bisa tabarma ne ba ta taɓa ji ba, alhali darni ne kawai tsakaninsu.

"In dai abin da nike zato ne," in ji Madam, "ba iska ba ce, ba kuma sakarci ba ne. Wani hali ne na ƙwaƙwalwa, da Faransanci ana ce mashi TDAH. Hankalin mutum bai zama wuri ɗaya, ko yana so. Tun yarinta yake farawa, shi ya sa na nemi wanda ya san ki da. Ga yaro namiji ana ganewa da wuri, don yana hawan katanga yana hana kowa sakat. Ɗiya mace kuwa zaune take, hankalin ne ke yawo, sai a ce raguwa ce, ko ƙazama, ta girma da wannan suna. Amma ni ba ni ke yanke magana ba. Akwai likita a Maraɗi da ya karanci abin ga, shi zai zauna da ke ya tabbatar. Zan nema maki rana bayan kaka."

Tanna ta daina murza mayafi.

"Watau yana da suna?"

"Yana da suna. Kuma mata da yawa na da shi."

"Ikon Allah," in ji Tanna. Ta yi ƴar dariya, hawaye na bin dariyar. "Ni na zaci ni kaɗai aka yi haka."

Madam ta ce kafin Maraɗi, maganin tansiyo ne abin tsoro, dole a samu mai tuna mata kowace safiya. Ta tambaya wa ke gidan.

"Ɗiyarta Hafsa," in ji Sa'adiya, bakinta ya riga hankalinta. "Wadda aurenta ya mutu kan tukunya. Ai Madam, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ita ma haka take?"

"Sak."

"To in kun tashi zuwa Maraɗi ku tahi da ita. Yanzu dai ke zan ɗora ma nauyin ga, Inna Sa'adiya. Ba wani aiki ba ne. Kira ɗaya ne da hantsi."

"In dai kira ne, an gama," in ji Sa'adiya. "Allah ya hore mani maƙogwaro."

Haka kuwa aka yi duk damina. Hantsi na ɗagawa, kafin a fita gona, sai a ji muryarta ta tsallaka darni.

"Tanna, magani!"

"Na sha!"

"Ƙarya kike. Zo nan ki haɗiye ina gani."

Akwai wata kafa a jikin darnin inda kara ya zube, ta nan Tanna ta saba miƙo kasko a ɗebar mata garwashi in wutarta ta mutu. Ta nan take leƙo fuska ta haɗiye ƙwayar, ta buɗe baki ta ce "a'a'a" kamar yarinya, su yi dariya. Ciwon kai ya sake ta, jirin da ke ɗibarta a gona ya tafi. Sa'adiya ba ta bar tsokana ba, hali zanen dutse, sai dai labarin tulu ya daina yi mata daɗi a baki, ta ajiye shi ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Da kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi, matar Mahmudu, ɗan Sa'adiya, ta haihu namiji. Jikan fari ne, dangin mai jego kuma mutanen Mayahi ne masu ji da kansu, mota guda suka cika suka zo. Sa'adiya ta sayar da tunkiya ta sayi shinkafa, don kada a koma Mayahi a ce an ci tuwo a gidan suna.

Ran suna hannu ya yi kaɗan. Tanna ta yi ta bin ta tana cewa, "Sa'a, ba ni aiki mana, kowa na yi ni ina zaune kamar baƙuwa." Sa'adiya ta fi kowa sanin wadda take magana da ita, amma kanta ya ɗau zafi. Ta nuna mata babbar tukunyar shinkafa.

"Zauna nan. Ruwa na tsotsewa ki janye itace. Kar ki motsa, ko gobara ta tashi."

Tanna ta zauna da niyyarta mai kyau. Sai ta hango akuya ta kutsa cikin dammunan hatsin Sa'adiya. Ta tashi ta kore ta, ta ga igiyar ta tsinke, ta shiga gida neman wata igiya, ta tarar da randa ba ruwa ga baƙi cike da gari, ta ɗauki bokiti. Tana bakin rijiya ƙauri ya game unguwa.

An kwashe abin da ya kwasu. Baƙi suka ci suna kallon juna. Uwar mai jego ta ajiye cokali ta ce, da murmushinta, "Hajiya, shinkafar garinku da turaren wuta ake dahwa ta?"

Daidai nan Tanna ta shigo da bokiti bisa kai, ruwa na zuba mata a kafaɗa. Ta shaƙi iska, ta tsaya cak. Sa'adiya ta tare ta tsakar gida, gaban mata, gaban baƙi.

"Madam ta ba sakarcinki sunan Nasara, kin samu inuwar fakewa ko? Ni dai sunan da na sani tun muna yara shi ne sakarci. Kin tsuhwa da shi, da shi za a rufe ki."

Ba wadda ta yi dariya. Duk wadda ke wurin ta san wannan ya wuce wasan taubasai. Tanna ta sauke bokitin a hankali, ta juye ruwan cikin randa, ta fita.

Washegari hantsi ya ɗaga, Sa'adiya ba ta yi kira ba.

"Sa'a, kin tashi lahiya?" in ji murya daga bayan darni.

Sa'adiya ta ƙara wa taɓarya ƙarfi. Ta ce a ranta, mace da furfura, ƙwaya ɗaya ta gagare ta haɗiya? In ta ji jiki ta tuna. Ta san malamai sun ce gaba ba ta wuce kwana uku tsakanin musulmi. Ukun suka zo suka wuce, zuciya ba ta sauka ba, daga baya kuma da ta sauka sai girman kai ya hau kujerarta. Kullum da hantsi takan ga inuwar mutum tsaye ta tsakanin karan darni, kusa da kafar nan, ta daɗe sannan ta gushe. Sai Sa'adiya ta ce a ranta wuta take so, ta je ta ɗebo wani gida. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ana nan a haka.

Ran da abin ya faru, mata na sussuka bayan gari, Sa'adiya na gida tana tankaɗe. Ihun Hafsa ta ji.

"Gwaggo! Gwaggo Sa'a, ki zo, Inna ta faɗi!"

Ba ta bi ta ƙofa ba, darnin ta keta. Tanna na kwance gefen turmi, baki ya karkace, hannun dama ya saki kamar tsumma. Aka kira maƙwabcinsu Mai Nasara da amalanken shanunsa, aka shimfiɗa tabarma aka ɗora ta. Sa'adiya ta riƙe kan Tanna bisa cinya har gidan likita, tana salati, tana jin kowane gargada a ƙirjinta.

Madam Zara'u ta auna, ta yi abin da za ta iya, ta kira mota a kai ta Tasawa. A bakin ƙofa ta tsayar da Sa'adiya.

"Tana shan maganin?"

Sa'adiya mai baki, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta tsaya tana kallon yatsun ƙafarta. Madam ta dube ta, ta gane.

"Tansiyonta ya daɗe yana cinta, Inna. Ko da magani abin ga na iya zuwa. Allah kaɗai ya sani."

Da mari ta yi mata, da ya fi sauƙi. Sa'adiya ta shiga mota da wannan rangwame a wuyanta, ya fi dutsen niƙa nauyi.

A Tasawa an yi ƙoƙari, sannan aka ce su koma gida su yi jinya. Kowa ya san ma'anar wannan. Sa'adiya ta tare a ɗakin Tanna. Ita ke ba ta kunu da cokali, ita ke juya ta, ita ke wanke zannuwa. Mata masu zuwa dubiya suna ta sa mata albarka, suna cewa taubashiya ta gari ke nan, ana faɗa ana shiryawa. Kowace albarka sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Kunya take ji, kunyar da ba ta taɓa sanin irinta ba, har ba ta iya haɗa ido da Hafsa.

Abin da ya fi tsaya mata a rai ƙafar nan ce. Tun suna yara ƙafar Tanna ba ta taɓa zama shiru ba, Sa'adiya ta sha buge ta tana cewa, "Tsaya mana, kina girgiza mani fura." Yanzu ga ta miƙe bisa tabarma, ba motsi.

Wata rana da azahar Hafsa ta tafi rijiya, ɗaki ya rage su biyu. Sa'adiya ta matso ta kama hannun da ke da rai.

"Tanna. Ƴar kawu. Ki yahe mani."

Idon Tanna na kan wata tsaka da ke bin azara. Da ƙyar ya sauko ya sami fuskar Sa'adiya. Bakin ya yi ta kokawa, miyau na zuba, harshe ya yi nauyi.

"Shin... shinkahwa," ta ce. "Ki... yahe."

"Wace shinkahwa! Ba ita nike faɗi ba, Tanna, ni ce na..."

Amma tsakar ta motsa, idon ya bi ta. Sa'adiya ta kifa kai bisa tabarma ta yi kukan da ba sauti. Ba ta sake samun wata dama ba. Tanna ta cika ranar Laraba bayan la'asar, lokacin da shanu ke dawowa daga kiwo, aka kai ta kafin magariba.

Ran sadakar uku gida ya cika. Mata na zaune a inuwar bedi, ana jan tasbaha ana karɓar gaisuwa. Hafsa ta ɗora tukunyar wake don baƙi, aka aike ta ɗauko tabarma. Jim kaɗan ƙauri ya taso.

Shatu, matar Mai Nasara, ta zunguri Sa'adiya da gwiwar hannu.

"Kin ji? Tanna ba ta tahi da kayanta ba, ta bar ma ɗiya gado."

Wasu suka rufe baki da mayafi. Idanu suka juyo kan Sa'adiya, don a zaman makoki taubashi ne ke da ikon sako wasa ya sassauta wa mutane zuciya, kuma wa ya kai ta? Kalma ɗaya za ta faɗa, sunan ya tashi daga kan uwa ya sauka kan ɗiya, ya zauna har tsufanta.

Sa'adiya ta miƙe. Ta je madafa ta sauke tukunyar, ta janye itace. Ta sami Hafsa a ɗaki tsaye da tabarma a hannu, tana kallon kwallayen uwarta, ta manta abin da ya kawo ta. Da ƙaurin ya iso mata sai ta saki tabarmar ta dafe kai.

"Wayyo, na yi Tanna!"

A bakin ɗiyar Tanna, kwana uku da rufe ta. Sa'adiya ta zauna bakin gado.

"Kar ki ƙara faɗin haka. Ni na ƙirƙiro ta, ni zan kashe ta. Zauna, Hafsa, in gaya maki abin da na yi." Hafsa ta zauna, Sa'adiya ta ci gaba. "Tun ran suna ban ƙara kiran uwarki ta sha magani ba. Da gangan. Ina ganin hantsi na ɗagawa, ina yin shiru."

Ta jira ihu, ko zagi. Hafsa ta share ido da bakin zane.

"Mun sani, Gwaggo. Ni na ce zan riƙa tuna mata, na yi kwana biyu nima na shiga mantawa. Na ce bari in je in ba ki haƙuri, ta hana ni."

"Mi ta ce?"

"Ta ce in ƙyale ki, kin gaji ne. Ta ce kowa na gajiya da ita, ke kin hi kowa daɗewa."

Sa'adiya ta sunkuyar da kai. Hafsa ta kama hannunta ta fita da ita ta bayan ɗaki, ta nuna mata darni, gefen inda Sa'adiya ta keta ran faɗuwar. Daidai kafar da ake miƙo garwashi, an ɗaure wata baƙar leda da tsumma a jikin kara, ƙarƙashinta ƙaramin kofin roba kife bisa dutse.

"Nan ta maido maganin, wai don in kin kira kar ta tsaya nema ta ɓata maki rai. Kullum da hantsi sai ta zo ta tsaya. In ba ta ji ki ba, sai wani abu ya ɗauke mata hankali ta wuce."

Sa'adiya ta taɓa ledar. Cike take.

Bayan arba'in Madam Zara'u ta aiko cewa ranar Maraɗi ta samu, in Hafsa na so ta karɓi gurbin uwarta. Hafsa ta ce tana so, amma tana tsoro, kuma likita zai nemi wanda ya san ta tun tana ƙarama. Sa'adiya ta ce ai ita ta yanke mata cibiya.

Ran tafiya ta shirya tun da sassafe ta shiga gidan. Mai kabu-kabun da zai kai su bakin hanya yana ƙofar gida yana ta matsa oda, yana cewa esansin babur ɗinsa na ƙonewa. Hafsa na ɗaki tana neman takalmi ɗaya, ta samo shi, ta ajiye mayafi, ta shiga neman mayafin.

"Gwaggo, yi haƙuri, yanzun nan!"

"Nema a hankali, ɗiyata. Maraɗi ba ta gudu."

Sa'adiya ta kifa turmin Tanna ta zauna a kai, jakarta bisa cinya. Hantsi ya ɗago ya sauka kan darni. Ledar na nan ɗaure inda aka bar ta, wata kaza ta zo ta leƙa ƙarƙashin kofin ta wuce.